Baƙin Zirin da Ke Sama da Ƙasan Fim: Wa Zai Bi Wani, Allo ko Hoto?

Duk wanda ya taɓa kunna fim ɗin Indiya ko na Amurka a talabijin ɗin zamani, irin mai faɗin nan da ake maƙalawa a bango, ya san baƙin zirin da ke kwantawa a sama da ƙasan hoton. Mutane da yawa suna ɗaukarsa a matsayin tangarɗa. Wani ya zargi faifan, wani ya zargi tashar, wani kuma ya ɗauki rimot ya yi ta latsawa har sai hoton ya cika allon daga kusurwa zuwa kusurwa, sannan hankalinsa ya kwanta. Abin da ba kasafai ake lura da shi ba shi ne, a daidai lokacin da allon ya cika, fim ɗin ya ragu. Ko dai an datse masa gefe biyu, ko kuma an ja shi sama har fuskokin 'yan wasa sun yi zololo kamar an matse su a ƙyauren ƙofa. Abin da nake gani shi ne, siffar hoton fim, wato yadda faɗinsa yake idan an auna shi da tsayinsa, ɓangare ce ta aikin kamar yadda labari da sauti suke, kuma allo ne ya kamata ya bi fim. Akwai masu ja da wannan magana, hujjojinsu kuma ba na yasarwa ba ne, shi ya sa take buƙatar a bi ta a tsanake.

Ana rubuta wannan awon da lambobi biyu. Idan an ce 4:3, ana nufin duk taku huɗu na faɗi akwai taku uku na tsayi, wanda shi ne ake kuma rubutawa 1.33:1. Da wannan siffa fim ya fara, tun a shekarun 1890 da William Dickson yake aiki a ɗakin gwaje-gwajen Thomas Edison a Amurka, ya tsayar da zaren fim mai faɗin milimita 35. Da aka fara sa sauti a jikin zaren a ƙarshen shekarun 1920, layin sautin ya ci wani yanki na wurin hoto, sai aka shiga ruɗani, kowane kamfani da nasa awon. A 1932 cibiyar fina-finan Amurka, wadda ke ba da kyautar Oscar, ta raba gardama da awon 1.37:1. Da talabijin ta zo, sai ta ɗauki 4:3 ita ma, domin ta dace da fina-finan da ke ƙasa. A wancan lokacin babu baƙin ziri, babu rigima; fim da akwatin talabijin kamar an auna su da ma'auni guda.

Wannan dacewar ce ta zame wa Hollywood matsala. A farkon shekarun 1950 talabijin ta shiga gidajen Amurkawa, masu zuwa silima suka ragu ƙwarai, sai kamfanoni suka shiga neman abin da akwatin gida ba zai iya kwaikwaya ba. Abin da suka samo shi ne faɗi. A 1952 aka fito da Cinerama, mai amfani da majigi uku a lokaci guda a kan lanƙwasasshen allo. Ya burge mutane, amma ya yi tsada da wahalar sarrafawa. A 1953 kamfanin 20th Century Fox ya fito da fim ɗin The Robe a tsarin CinemaScope, wanda ya dogara da wani gilashin kyamara da Bafaranshe Henri Chrétien ya ƙirƙira tun a shekarun 1920. Gilashin yana matse faffaɗan hoto ya shiga cikin zaren milimita 35 da aka saba da shi, a gidan silima kuma wani gilashin a bakin majigi ya warware shi. An fara da 2.55:1, aka dawo 2.35:1, daga 1970 kuma aka tsaya a kan 2.39:1, wanda har gobe shi ne awon yawancin manyan fina-finan Hollywood da na Bollywood. Waɗanda ba su son sayen sabon gilashi sai suka bi hanya mai sauƙi, suka riƙa rufe sama da ƙasan hoton a majigi, inda aka samu 1.85:1 a Amurka da 1.66:1 a Turai. Wasu suka zarce: Ben-Hur na 1959 ya kai 2.76:1, faɗinsa ya kusa ninka tsayinsa sau uku. A shekarar ce kuma Guru Dutt ya yi Kaagaz Ke Phool, fim ɗin Indiya na farko a CinemaScope.

Babu musu cewa neman kasuwa ne ya haifi faɗin. Sai dai da ya zo hannun masu fasaha, sun mai da shi hanyar ba da labari. A Lawrence of Arabia na David Lean, wanda ya fito a 1962 a awon 2.20:1, akwai wurin da Omar Sharif ke ɓullowa daga cikin ƙawalwalniya a kan raƙumi, ɗan ɗigo a tsakiyar sahara, yana matsowa a hankali zuwa rijiyar da mutum biyu ke tsaye. Fargabar wurin tana cikin sararin da ke kewaye da ɗigon ne. Idan aka datse hamadar, an datse fargabar. A The Good, the Bad and the Ugly na Sergio Leone, na 1966, mutum uku ne ke tsaye a da'ira a tsakiyar maƙabarta, kowa na jiran wanda zai fara zaro bindiga, kuma dole ido ya gan su su ukun a tare kafin a gane halin da kowannensu yake ciki. Masu kallonmu sun fi sanin Sholay na Ramesh Sippy, na 1975, inda duwatsun Ramanagara suka zama fadar Gabbar Singh, yaransa a warwatse bisa duwatsu hagu da dama, shi kuma yana kai da komo a tsakiya. Girman mulkinsa a faɗin hoton ake karanta shi. Haka rawar taron da finafinan Indiya suka shahara da ita: an jera masu rawa ne bisa sanin iyakar hoton.

Kada kuma a ɗauka faɗi ya fi ƙunci daraja. Jikin ɗan Adam a tsaye yake, fuskarsa ma ta fi tsayi a kan faɗi, saboda haka faffaɗan hoto bai cika dacewa da mutum guda ba. Tsohon darakta Fritz Lang ya yi wa CinemaScope shaguɓe a cikin wani fim ɗin Jean-Luc Godard na 1963, cewa ya fi dacewa da macizai da jerin masu rakiyar gawa a kan mutane. Shi ya sa a zamanin nan wasu daraktoci ke komawa tsohuwar siffa da gangan. Paweł Pawlikowski na ƙasar Folan ya ɗauki Ida a 2013 a awon 1.37:1, yana ajiye 'yan wasansa can ƙasan hoton da sarari mai yawa a bisa kawunansu, kamar wani nauyi na danne su. The Lighthouse na 2019 ya ƙuntata har 1.19:1, domin mai kallo ya ji matsin da mutum biyu ke ciki a hasumiyar bakin teku. Misalin da ya fi kowanne fito da maganar fili shi ne Mommy na Xavier Dolan, na 2014, wanda faɗinsa da tsayinsa daidai suke. A lokacin da rayuwar yaron fim ɗin ta fara daidaita, sai ya sa hannu biyu ya ture gefen hoton, hoton ya buɗe ya cika allo. Wanda ya riga ya latsa rimot ya cika allonsa tun daga farko ba zai taɓa ganin wannan buɗewar ba.

Ɓarnar da aka yi wa faffaɗan fina-finai a zamanin kaset ba ƙarama ba ce. Domin a cusa hoton 2.39:1 cikin talabijin mai 4:3 ba tare da baƙin ziri ba, sai an zubar da kusan kashi 44 cikin 100 na faɗinsa. A fim irin Ben-Hur abin da ake zubarwa ya haura rabi. Wani ma'aikaci ne ke zama yana zaɓar ɓangaren da za a nuna, yana karkata hoton hagu ko dama ya bi mai magana. Inda darakta ya ajiye mutum biyu a gefe da gefe suna hira, sai a ga ɗaya kawai, ko a ga hancinsu biyu da fili a tsakani, ko a yanka wurin gida biyu ana tsalle daga wannan zuwa wancan. Ma'aikacin ya zama darakta na biyu wanda ba a sa sunansa ba. Sunayen farkon fim kuwa, tunda rubutu ba ya datsuwa, akan bar su a matse, shi ya sa masu kallon kaset na da za su tuna yadda mutane da motoci ke fitowa sirara dogaye a farkon fim kafin hoto ya daidaita. Darakta Sydney Pollack ya kai gidan talabijin na ƙasar Danmak kotu bayan an nuna fim ɗinsa Three Days of the Condor a datse a 1991. Kotun ta yarda an nakasa fim ɗin, amma ya faɗi shari'ar a kan wata ƙa'ida ta haƙƙin mallaka. Mu ma abin ya shafe mu kai tsaye, domin bayan da kallo ya tashi daga gidajen silima irin su Plaza da El Dorado a Kano ya koma ɗakuna da gidajen kallo, yawancin finafinan Indiya da na Sin ta kaset da faifan CD aka san su, a ƙaramin akwati mai 4:3. Akwai finafinan da mutane suka haddace maganganunsu da waƙoƙinsu, alhali ba su taɓa ganin gefensu ba.

Talabijin mai faɗi ta yau, mai awon 16:9 ko 1.78:1, sulhu ce aka ƙulla. Wani injiniya Ba'amurke mai suna Kerns Powers ne a shekarun 1980 ya yanka kwalaye masu siffofin da ake amfani da su, kowanne da girman fili iri ɗaya, ya ɗora su bisa juna, ya ga cewa awon da ke tsakiyarsu duka ya kusa 1.78:1. Ma'anar haka ita ce an zaɓi siffar da ba ta yi daidai da ko ɗaya daga cikin tsofaffin ba, amma ba ta yi nisa da kowacce ba. Fim ɗin 1.85:1 yana shiga kusan cif. Na 2.39:1 yana barin kusan rubu'in allon baƙi a sama da ƙasa. Na 4:3 yana barin rubu'i a hagu da dama. Da wannan allon ya yaɗu, sai reshe ya juye da mujiya: yanzu tsofaffin shirye-shirye ne ake yanka wa kai da ƙafa domin su cika faɗi. Da Disney+ ta fara aiki a Nuwamban 2019, ta sa tsofaffin zangunan The Simpsons a datse, har wani abin dariya ya ɓace, inda ake nuna kamfanin giya mai tallar kala uku alhali daga bututu ɗaya suke fitowa, bututun kuma yana can saman hoton da aka yanke. Sai da masu kallo suka yi ca, a Mayun 2020 aka dawo da zaɓin siffar asali. Irin wannan ne ke samun tsofaffin finafinan Hausa. Tun daga Turmin Danya na 1990 har zuwa zamanin Sangaya da Wasila, da kyamarar bidiyo mai 4:3 aka yi aiki. Idan aka ja irin wannan hoton ya cika 16:9, kowace fuska tana ƙara faɗi da kashi ɗaya bisa uku. Idan kuma aka datse shi, rubu'in tsayinsa ya tafi, da hula da ɗankwali da ƙafafun masu rawa. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Hujja ta farko da masu ja ke kawowa mai sauƙi ce: da kuɗina na sayi talabijin inci 43, me zai sa in kalli kashi uku cikin huɗu nata? A zamanin da, wannan magana tana da ƙarfi, kuma adalci ne a faɗa. A akwati mai inci 14, da kaset ɗin da hotonsa dama dishi-dishi ne, idan aka sa faffaɗan fim cikakke, fuskoki kan koma kamar ƙwayar gero, kuma iyalin da ke zaune a tsakar gida ba za su gane mai magana ba. Masu datsewar ba mugunta ce ta sa su ba. Amma dalilin ya gushe. Tsohuwar talabijin irin wadda aka yi amfani da ita a Najeriya layuka 576 ne ke haɗa hotonta. Ta yau mai layuka 1080, ko da an cire baƙin zirin, fim ɗin 2.39:1 yana samun layuka kusan 800, wato ya fi abin da tsohon allon gaba ɗayansa ke bayarwa. Sannan abin da mutum ya zauna kallo fim ne, allon mazubi ne kawai. Wanda ya sayi babbar riga mai aska takwas ya ga ba ta shiga akwatinsa ba, ninke ta zai yi ya bar sarari a gefe. Ba zai kira tela ya rage mata hannu ba.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Ana cewa su kansu masu fim ba su tsarkake siffa ɗaya ba. Finafinai da yawa an ɗauke su da sarari a sama da ƙasa, aka rufe shi a silima, aka buɗe shi a kaset, har wani lokaci a hango sandar makirufo tana leƙowa daga sama. Christopher Nolan tun daga The Dark Knight na 2008 har Oppenheimer na 2023 yana fitar da fim guda a siffofi daban-daban: a manyan gidajen IMAX wasu wurare suna buɗewa zuwa 1.43:1, a ƙananan IMAX 1.90:1, a sauran gidaje kuma faffaɗan hoto kawai. To wacce ce ta asalin? Amsata ita ce, tambayar da ta dace ita ce wane ne ya yanke hukuncin. Idan darakta da mai ɗaukar hotonsa suka tsara wuri tun a fagen ɗauka suna sane da iyakoki biyu, suka kiyaye kowacce, to duka biyun aikinsu ne. Wannan daban yake da na'urar da ke datse duk abin da aka ba ta ba tare da ta san inda fuska take ba, ko ɗan kasuwar da ke tsoron kada mai saye ya ce faifansa ya lalace. Wes Anderson ya yi amfani da siffofi uku a The Grand Budapest Hotel na 2014, kowacce tana nuna zamanin da labarin yake ciki. Rimot ba ya iya bambance wannan da kuskure.

Akwai wani juyi da ba a cika magana a kansa ba, kuma shi ne ainihin bambancin silima da gida. A tsohon tsarin gidan silima, tsayin allo ɗaya ne, labule ne ke ja baya hagu da dama idan faffaɗan fim zai fara, saboda haka faɗi yana nufin ƙarin girma. A gida kuwa faɗin allo ne ba ya canzawa, don haka fim ɗin da aka yi domin ya fi kowanne girma shi ne ke fitowa mafi ƙanƙanta. Abin takaici, gidajen silima da yawa na zamani, irin na cikin manyan kantuna, sun koma tsarin gida: allonsu na 1.85:1 ne, faffaɗan fim yana zama a tsakiya, kuma da yawansu sun daina sa baƙin ƙyallen da ke rufe ragowar, sai a bar toka-tokan haske a sama da ƙasa yana rage wa hoton kaifi. Ko a ma'aunin majigin dijital ana ganin haka, domin hoton 1.85:1 yana da ɗigo 1998 a faɗi da 1080 a tsayi, na 2.39:1 kuma 2048 da 858. Wannan bambancin silima da gida ne ya sa wasu suka nemi tsaka-tsaki. Mai ɗaukar hoto ɗan Italiya Vittorio Storaro ya kawo shawarar 2:1 a 1998, kuma shirye-shiryen Netflix irin su House of Cards da Stranger Things sun bi wannan awon, wanda ke barin siririn ziri kawai a talabijin.

Sai wayar hannu, wadda ita ce silimar mafi yawan matasanmu. Idan aka riƙe ta a tsaye, faffaɗan fim ba ya cin ko rubu'in fuskarta. Idan aka kwantar da ita kuwa, wayoyin yanzu da yawa masu awon 20:9 sun fi talabijin dacewa da faffaɗan fim. Hoton tsaye irin na TikTok shi ma siffa ce mai zaman kanta, ta dace da mutum guda yana magana ko rawa, kuma tun a 1930 daraktan Rasha Sergei Eisenstein ya yi jawabi a Hollywood yana kare tsayi daga masu son faɗi zalla. Laifin yana zuwa ne idan aka yanko tsakiyar faffaɗan fim aka tsayar da shi, inda fiye da kashi uku cikin huɗu na hoton ke salwanta.

Wannan duka yana da darasi ga masu shirya finafinan Hausa, kuma a nan ne nake ganin an fi buƙatar tsayawa a yi tunani. Ana samun masu ɗaukar shiri a 16:9, sai a wurin tacewa su ɗora masa baƙin ziri sama da ƙasa domin ya yi kama da na silima. Idan ba a tsara haka tun a fagen ɗauka ba, wannan ma datsewa ce, sai dai mai abin ne ya yi wa kansa. Yawancin shirye-shiryenmu a Arewa24 da YouTube da waya ake kallonsu, kuma labaransu a falo da zaure da tsakar gida suke faruwa. Dangantakar mutane a al'adarmu sau da yawa a tsayi take bayyana: uba a kan kujera, ɗa a durƙushe, sarki bisa karaga da rawaninsa, talaka ya faɗi yana gaisuwa, amarya a zaune a ƙasa an lulluɓe ta, gwaggo a tsaye a kanta. Siririn faffaɗan hoto ba ya ɗaukar na zaune da na tsaye a tare sai an ja kyamara baya sosai, a waya kuma fuskokin su ɓace. Wanda zai ɗauki hawan daushe, ko ayarin raƙuma a hanyar Agadas, ko kasuwar Kurmi a cike, yana da dalilin neman faɗi. Wanda zai ɗauki kishiyoyi biyu a ɗaki ɗaya wataƙila 16:9 ko ma abin da ya fi shi ƙunci ne zai fi yi masa aiki.

Kirana ga daraktoci da masu ɗaukar hoto shi ne su tsayar da siffar fim kafin a kunna kyamara, bisa abin da labarin yake buƙata da inda za a kalle shi. Masu ɗora tsofaffin finafinan Hausa a intanet su bar su a 4:3 ɗinsu da baƙin gefensu, domin wasu daga cikinsu kwafin da aka ɗora ɗin ne kaɗai zai rage wa na baya. Kai kuma mai kallo, idan ka ga baƙin zirin nan, shiga saitin talabijin ɗinka ka zaɓi wanda ke barin hoto a siffarsa ta asali, ka rage hasken ɗakin, ka ajiye rimot ɗin.